Bencin da Ba Shi da Mai Shi: Nazarin Yadda Aka Sake Ƙera Wuraren Zama na Wani Lambun Jama'a

Lambun ƙarami ne, irin wanda ake keɓewa a tsakiyar unguwa don shan iska. Hanyar ƙafa ta raba shi biyu, manyan itatuwa a gefe guda, wurin wasan yara a ɗaya gefen. An taɓa kafa masa bencuna 6 na katako, amma ba su cika shekara 4 ba biyu suka zube, sauran suka koma rawa, duk wanda zai zauna sai ya fara dafawa ya ji. Kwamitin da ke kula da lambun ya riga ya yanke hukunci: yara ne ke tsalle a kai, samari ne ke jijjigawa, kayan jama'a kuwa dama haka ake yi musu. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne a rabu da katako kwata-kwata, a zuba na kankare ko a sa a yi na ƙarfe.

Kafintan da aka kira, ba don ƙera sabo aka kira shi ba. An so ne ya duba ko akwai abin da za a tsira da shi daga tsofaffin. Shi ya nemi a bar shi ya kwance ɗaya tukuna, ya ga abin da ya kashe shi.

Abin da ya kashe tsofaffin

Sukudireba kawai ya riƙe. Yana bin katakon yana caka bakinsa: inda ya tsaya, katako na da rai, inda ya nutse, ya ruɓe. Tsakiyar falankin, wurin da ake zama, wurin da kuma ake zargin yara da ɓarna, garau yake. Ruɓar ta taru ne a gindin ƙafafu, da kewayen kowace ƙusa, da lungun da mazauni ya haɗu da majingina. Babu ɗaya daga cikinsu da tsallen yara zai jawo.

Ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da katako. Fumfuna ce ke cin sa, ita kuwa sai da danshi take rayuwa. Muddin ruwan da ke cikin katako bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, ba ta samun wurin kama. Saboda haka bencin da ruwan sama ya doka da safe, iska ta busar da shi kafin yamma, ba abin da ya same shi. Wanda ruwa ya kwana a jikinsa shi ne a cikin hatsari, kuma tsofaffin bencunan kamar an tsara su ne don ruwa ya sami makwanci.

An binne ƙafafunsu cikin siminti don kada a sace, niyya mai kyau. To amma jikin katako kamar damin kara yake: ta gefe ruwa a hankali yake shiga, ta bakin da zarto ya yanke kuwa zuƙa yake yi. Wannan bakin ne aka tsoma a ƙasa. Da rani katakon ya tsuke, 'yar kafa ta buɗe tsakaninsa da simintin. Da damina ruwa ya gangara cikin kafar ya rasa hanyar fita. Gara ma ta sami hanyar da ba mai ganin ta. Ƙusoshin kuma ta sama aka buga su, kan kowace ya lotsa katakon ya bar ɗan gurbi, ruwa ya zauna, ƙusa ta yi tsatsa, ramin ya faɗaɗa. Rawar da bencunan ke yi daga nan ta samo asali.

Mazaunin falanki ɗaya ne mai faɗin santimita 40. Katako yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Falanki mai wannan faɗi kan iya motsa kusan milimita 8 tsakanin lokacin danshi da na bushewa, kuma ba ya motsawa a miƙe, lanƙwasa yake yi. Waɗannan sun lanƙwashe, tsakiyarsu ta yi kwari tana tara ruwa. Aka kuma shafe su da man sheƙi irin na kayan ɗaki. Rana ta fasa shi, ruwa ya shiga ta tsagar, fatar da ta rage ta hana shi fita. A ƙarshe, da kafintan ya yanka ƙafa ɗaya, sai ga shi rabinta farin gefen itace ne, wato ɓangaren da ke kusa da ɓawo. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 350, wadda ta kasa katako mataki 5 bisa jure ruɓa, tana ɗaukar wannan farin gefe a matakin ƙarshe, ko da na wace irin bishiya ne. Ƙarfin jurewa a zuciyar itace yake.

Da ya gama jera guntayen a gaban kwamiti, shugaban ya ce, "To Malam, ai wannan duk hujja ce ta a bar katako." Kafintan ya ce, "Ranka ya daɗe, a zo da tsakar rana a dafa ƙofar ƙarfen lambun nan, sannan a yanke." Gaskiyarsa. Ƙarfe ya fi katako saurin miƙa zafi sama da sau 200, shi ya sa bencin ƙarfe ke ƙuna a rana, ya yi sanyi ƙarara da hunturu. Kankare ma yana riƙe zafi har bayan faɗuwar rana, ga tauri. Aka amince da katako, bisa sharaɗin a fara da guda ɗaya a gani.

Awo, da gardamar hannun tsakiya

Kafin ya taɓa katako mai kyau, ya harhaɗa samfuri da ragowar falankai, wanda ake iya ɗaga mazauninsa a sauke, a kuma karkata majinginarsa. Ya ajiye shi a lambun ya roƙi masu wucewa su zauna. Awon da aka saba da shi sananne ne: tsayin mazauni daga ƙasa tsakanin santimita 43 da 48, zurfinsa 40 zuwa 45, kusurwar da ke tsakanin mazauni da majingina digiri 100 zuwa 105, kowane mutum a ba shi faɗin santimita 60. Abin da samfurin ya nuna shi ne ta wane gefen waɗannan lambobi ya kamata a tsaya.

Matasa sun fi son mazauni mai zurfi wanda ya kwanta baya sosai. Tsofaffi kuwa ba zaman ne matsalarsu ba, tashin ne. Wata dattijuwa ta zauna a kan wanda matasan suka yaba, ta yi yunƙuri ta kasa, ta ce, "Ɗana, wannan ai sai ka tsaya ka riƙa ɗaga mu." Wannan magana ita ta tsayar da awon. Aka ɗora mazauni a santimita 46, zurfi 42, aka karkata shi baya kaɗan kawai, kamar digiri 3, yadda ruwa zai gangara amma mutum ba zai nutse ba. Aka bar ƙarƙashin gaba a buɗe, ba a gicciye shi da katako ba, domin mai tashi sai ya ja dugadugansa baya ƙarƙashin jikinsa kafin ya miƙe. Masu ƙira da yawa ba sa lura da wannan. Aka sa hannun dafawa a kowane ƙarshe, santimita 21 sama da mazauni, ya miƙo har gaba inda tafin hannu ke nema. A ganina wannan shi ne zaɓi mafi daidai a duk aikin: matashi zai zauna a bencin da aka auna da tsoho ba tare da ya lura ba, tsoho kuwa ba zai koma kan wanda ya taɓa kunyata shi ba.

Inda aka daɗe ana ja shi ne hannu na uku. Wasu 'yan kwamiti sun so a sa hannu a tsakiyar kowane benci, suka ce don tsofaffi. Da aka matsa, sai ainihin dalilin ya fito: kada wani ya kwanta. Wannan gardama ba sabuwa ba ce. A 2012 ƙaramar hukumar Camden da ke Landan ta kafa wani benci na kankare da aka tsara musamman don kada a iya barci a kai, kada a yi wasan zamiya da allo mai taya, kada a sami wurin cusa shara. Ya yi suna, amma a matsayin misalin ƙirar da ke korar mutane. Duk da haka, masu son hannun tsakiya ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Wanda ya zauna a tsakiyar benci mai tsawon santimita 180 ba shi da abin dafawa, kuma baƙi biyu sun fi sakin jiki su zauna tare idan akwai iyaka tsakaninsu.

Aka tsaya a kan raba gardama: bencuna 2 da ke kusa da ƙofa, inda tsofaffi suka fi tsayawa, su sami hannu na uku, ba a tsakiya cif ba, a gefe, yadda zai ware kujerar mutum ɗaya ya bar ta mutum biyu. Sauran 4 a bar su a buɗe. Ba kowa ya gamsu ba. Ni dai ina ganin uwa da ke son kwantar da yaron da barci ya ɗauke, ko wanda jiri ya kama a hanya, sun isa dalilin barin mafi yawansu a buɗe.

Katako da haɗi

An zaɓi loko, wanda ke mataki na 1 zuwa 2 a ƙa'idar EN 350, dab da tik, katakon da ya yi suna wajen jure ruɓa. Yana da wahalarsa: akwai dunƙulen ma'adini mai tauri a cikinsa da ke dakusar da bakin kayan aiki, ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi da tari, sai da takunkumi. Sannan yawan sara ya sa ya fara ƙaranci a dazuzzukan da yake fitowa, don haka kafintan ya nace a sayo daga inda za a iya nuna asalinsa. Da ba a samu ba, katakon bishiyar fayin (pine) da aka dafa da maganin ruɓa zai yi, sai dai a tabbatar da irin maganin. Tsohon nau'in da ke ɗauke da gubar asenik an taƙaita amfani da shi a wuraren da jiki ke taɓawa, a Amurka daga ƙarshen 2003, a Tarayyar Turai daga 2004. Waɗanda suka maye gurbinsa jan ƙarfe ya yi musu yawa, suna cinye ƙusa ta gama-gari da sauri.

Katakon ya iso da ɗanyensa. Kafintan ya yanke farin gefen ya ware, ya jera sauran a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ya ce sai an jira. Nan haƙurin kwamiti ya kusa ƙarewa, don a idonsu ga katako ga kafinta, me ake jira? An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A aikin kafinta kuwa ɗanyen katako shi ke tanƙwara kansa, bayan an gama haɗawa an biya. Ya riƙa auna danshin da ɗan na'ura har ya sauko wajen kashi 15. Bai nemi ya kai bushewar kayan ɗaki ba, wadda kan sauka ƙasa da kashi 10, domin katakon da ya bushe haka idan aka fitar da shi waje kumbura zai yi ya matse haɗinsa.

A maimakon falanki ɗaya, mazaunin ya zama sirara 5, kowanne faɗin santimita 7 da 'yan kai, kauri 3.5. Siriri irin wannan motsinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. An ɗan tudunta bayan kowanne don ruwa ya zame, aka kashe kaifin gefuna. Tazarar da ke tsakaninsu ta ɗauki tunani fiye da yadda ake zato. Ƙa'idar Turai ta kayan wasan yara tana ɗaukar kafar da ke tsakanin milimita 8 da 25 a matsayin tarkon yatsa: yatsa zai shiga, fita ta gagara. Benci ba lilo ba ne, amma wannan yana dab da wurin wasa. Tazara mai faɗi ba daɗin zama, matsattsiya kuma ganye da ƙasa ke toshe ta. Dabarar da ya yi ita ce barin milimita 7 a sama, ya fiƙe gefunan ta ƙasa yadda kafar ke buɗewa tana sauka. Duk abin da ya shiga, faɗuwa yake yi. Tsakanin mazauni da majingina kuma ya bar fili, lungun da ya ruɓar da na dā ya ɓace ke nan.

Ƙafafu da sandunan gicciye an haɗa su da rami da harshe, da gam mai jure ruwa, aka kuma soke kowane haɗi da turun katako. Ba ramin da ya kalli sama. An ƙara tallafi a tsakiya don kada siraran su yi ciki. Su siraran ba a sa musu gam ba ko kaɗan: sukuru ne na ƙarfe marar tsatsa ya riƙe su ta ƙasa, ba huda ko ɗaya a saman mazauni. Kan sukurun na musamman ne, ba kowane sukudireba ke kwance shi ba.

Wannan rabuwa tsakanin gangar jiki mai daɗewa da siraran da ake canzawa ita ce zuciyar ƙirar, kuma tsohuwar dabara ce. Bencunan titunan Faris da mai zanen gine-gine Gabriel Davioud ya tsara a zamanin Haussmann, jami'in da ya sake fasalin birnin a tsakiyar ƙarni na 19, ƙafafun zubin ƙarfe ne da falankai a kai. Haka ma nau'in da aka yi don baje kolin duniya na 1939 a New York, wanda har yau yake cike da lambun Central Park. Ba wai katakonsu ba ya lalacewa ba ne. Cire shi ake yi a sa wani. Kujerar gida tana da mai ita, wanda zai ji ta fara ƙara ya ɗaure ta, ya ja ta ciki idan hadari ya taso. Bencin jama'a sai ya karye ake tunawa da shi, kuma wanda zai gyara shi galibi ba shi ya ƙera ba. Shi ya sa kafintan ya yanka duk siraran bencunan 6 awo ɗaya, da huda a wuri ɗaya, ya ƙara 'yan saura ya miƙa wa mai kula da lambun tare da makullin sukurun da takardar awo.

Ƙafafun ba su taɓa ƙasa ba. Kowace ta zauna cikin takalmin ƙarfe da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, wanda ya ɗaga ta santimita 5, buɗe ta ƙasa don ruwa ya wuce. Takalmin ne aka ɗaure da noti a kan ɗan dandamalin kankare. Ɓarawo bai samu ba, gara kuma in za ta hau sai ta gina hanyarta a fili inda tsintsiya za ta same ta.

Sai shafe. Kwamiti na son sheƙi, don sheƙi ne ke nuna an yi aiki. Kafintan ya ƙi, ya shafa mai irin wanda katako ke sha, ya kuma gaya musu tun wuri cewa launin zai koma toka-toka. Hasken rana ne ke cin sinadarin da ke riƙe zaren katako a fatar sama, kaurin abin bai kai milimita ba, ƙarfin benci bai ragu ba. (Tsummokaran da aka shafa irin wannan mai da su, in aka dunƙule aka jefar, suna iya kama wuta da kansu yayin da man ke bushewa. A shanya su a buɗe ko a tsoma a ruwa.)

Inda aka kafa su

Tsofaffin bencunan an jera su ne daidai wa daida a bakin hanya, tazara ɗaya, duk suna kallon juna, uku a cikin rana tsaka. William Whyte, mai nazarin birane ɗan Amurka wanda ya shafe shekarun 1970 yana ɗaukar hoton yadda mutane ke amfani da dandalin New York, ya soki irin wannan jeri, yana ganin an fi yin sa don hoton gini ya yi kyau. Bincikensa ya shiga dokar gine-ginen birnin a 1975, inda aka wajabta wurin zama mai tsawon ƙafa 1 ga kowace murabba'in ƙafa 30 na dandali. Darasin da aka ɗauka a nan mai sauƙi ne: a duba inda mutane suka riga suke tsayawa. Iyaye na jingina da bishiyar da ke kallon wurin wasa, tsofaffi na hutawa a kan dakalin ƙofa. Can aka kai bencunan. Biyu aka haɗa su kusurwa don masu hira su ga fuskar juna. Kowanne an ja shi baya daga hanya kamar santimita 60 saboda ƙafar mai zama, aka kuma bar daɓe mai tauri a gefe, wajen santimita 76 da 122, don keken guragu ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da masu zama, ba a gabansu ba.

Bayan damina biyu

Da aka sake bin su da sukudireba, ba inda ya nutse. Launi ya koma toka kamar yadda aka faɗa, wasu har yanzu suna cewa sun tsufa da wuri. An sassaƙa sunaye a majinginar ɗaya, an bar su. Siriri guda ya tsage daga wani ƙulli da ya ɓoye a cikinsa. Mai kula da lambun ya kwance shi ya sa na ajiya, bai ko nemi kafintan ba.

Abubuwa biyu ne ba su tafi yadda aka so ba. Dandamalin kankaren iya ƙarƙashin ƙafafun benci ya tsaya, ba a yi la'akari da ƙafafun mutane ba. A gaban bencunan da aka fi so, takalma sun share ciyawa sun haƙa kwari, ruwa na taruwa, sai benci ya bushe amma ba hanyar isa gare shi. Dole aka dawo aka shimfiɗa daɓe ya miƙo gaba kusan santimita 70. Na biyu, bencin da aka kafa ƙarƙashin bishiya mafi duhuwa, wanda aka zaci zai fi kowanne farin jini, tsuntsaye ne suka mallake shi. Inuwar kuma ta hana shi bushewa, har kore ya fara bin bayan majinginarsa. Da yake noti ne ya riƙe shi ba siminti ba, an kwance shi an matsa da shi bakin inuwar.

Man da aka ce a riƙa shafawa sau ɗaya a shekara, an shafa na farko, na biyu ya faɗa tsakanin tsohon kwamiti da sabo. Loko zai jure wannan, sai dai 'yan tsage-tsage na sama za su ƙaru. Sabon kwamitin kuma ya sake tayar da maganar hannun tsakiya bayan an ga wani yana kwana a bencin da ke can ƙarshen lambu. An ɗage maganar zuwa zama na gaba.